Kowace Kalma da Nauyinta

  

Sharhinmu na yau a kan wasu kalmomin Turanci ne. Ba su da yawa, kuma duk abu ɗaya suke zagayawa, wato alhaki. Wa aka ɗora wa nauyi? Wa za a tambaya? Wa zai biya? Wa kuma za a zarga?

Wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da wannan? Da ruwansa kuwa. Takardar banki da Turanci take zuwa. Takardar beli ma haka. Haka takardar ɗaukar aiki, da ta hayar gida, da wadda ake miƙo wa mutum a asibiti kafin a shiga da ɗan'uwansa tiyata. Muna sa hannu. Muna dangwala yatsa. Sau da yawa kalma ɗaya ce a cikin takardar take ɗaure mutum shekara da shekaru.

Don haka ga saƙon da nake so ya zauna a zukatanmu. Kowace kalma da nauyinta. A san nauyin kafin a ɗauka.

Bari mu ɗan waiwaya baya, mu ga inda kalmomin suka fito. A shekarar 1066, William mai mulkin Normandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a ƙasar, tsawon ƙarnoni. Ta wannan ƙofa kalmomin doka da yawa suka shiga Turanci. Wasu sun shiga a wancan zamani, wasu daga baya, kuma akasarinsu Latin ne tushensu. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa za su ji wasunsu sun yi musu kama da abin da suka sani a Faransanci.

To, mu fara da uwar kalmomin, wato "responsible". Tushenta kalmar Latin ce mai nufin amsawa. Mutumin da aka kira da ita shi ne wanda zai amsa idan aka yi tambaya. Masu ilimin Larabci sun san haka abin yake a wurinsu, inda shugaba yake zama abin tambaya kan kiwon da aka ba shi.

Sai dai kalmar fuska huɗu gare ta, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe.

Fuska ta farko ita ce nauyin kulawa. Idan aka ce shugaban makaranta "is responsible for" yaran da ke makarantar, ba a ce ya yi laifi ba. An ce su amana ne a hannunsa.

Fuska ta biyu ita ce jawo abu. Idan aka ce direba "is responsible for the accident", ma'ana shi ya haddasa haɗarin. Kalmomin ba su canza ba. Abin da ya biyo bayansu ne ya canza, sai magana ta koma zargi. Saboda haka idan ɗan sanda ko jami'in kiyaye haɗurra ya tambaye ka ko kai ne "responsible", ka nemi ya fayyace. Mai motar yake nema, ko wanda ya jawo haɗarin?

A nan ina da ɗan kira ga abokan aikina 'yan jarida. Idan wata ƙungiya ta kai hari, Turawa sukan ce ta "claimed responsibility". Mu kuma mukan ce ta ɗauki alhakin harin. Amma a kunnen Bahaushe, ɗaukar alhaki magana ce mai nauyi, ta mai tsoron ranar tambaya. Wanda ya zubar da jini ya fito yana tutiya bai ɗauki komai ba. Iƙirari ya yi. Gara mu ce ƙungiyar ta yi iƙirarin ita ta kai harin.

Fuska ta uku tana rataye ne da ɗan ƙaramin harafi. Akwai "responsible for", akwai kuma "responsible to". Ta farko tana nuna abin da ke hannunka. Ta biyu tana nuna wanda kake ƙarƙashinsa, wanda za ka je gabansa ka yi bayani. Duk wanda aka ba takardar ɗaukar aiki ya nemi waɗannan biyun a ciki. Su ne za su gaya masa iyakar aikinsa, su kuma gaya masa wane ne maigidansa.

Fuska ta huɗu hali ne. "A responsible man" shi ne kamilin mutum, mai hankali, mai riƙon amana. A Turancinmu na Najeriya har akan faɗa wa magidanci mai iyali haka. Amma ku lura da kyau. Idan kalmar ta koma bayan sunan, aka ce "the man responsible", to mutumin da ake nema ne kan wani abu da ya faru. Ta zo a gaba, yabo ne. Ta zo a baya, tuhuma ce ke tafe. Ɗalibanmu masu shirin jarrabawa, ku riƙe wannan.

Kun ga ke nan, ko a cikin kalma ɗaya nauyin ba ɗaya ba ne.

Yanzu mu matsa zuwa ta biyu, wato "accountable". Daga "account" ta fito, wato lissafi. Wanda aka kira da ita shi ne wanda za a zaunar, a buɗe littafi, a ce ya yi bayani dalla-dalla. A taƙaice, mai fuskantar hisabi.

Ina bambancinta da ta farko? Ga shi. Aiki ana raba shi. Shugaba zai iya ba wannan kula da kuɗi, ya ba wancan kula da kaya. Kowannensu ya zama "responsible" a ɓangarensa. Amma ranar bincike, shugaban ne "accountable". Yana iya miƙa aiki ga na ƙasa da shi. Ba ya iya miƙa musu hisabin.

Bari in ba ku misali daga ƙasar masu harshen. A farkon watan Afrilun 1982, sojojin Ajantina suka mamaye tsibiran Falkland da ke ƙarƙashin Birtaniya. Bayan kwana uku, ministan harkokin wajen Birtaniya, Lord Carrington, ya ajiye aiki. Ba shi ke gadin tsibiran ba. Amma ma'aikatarsa ce ya kamata ta hango abin, shi ne kuma shugabanta. Da kwamitin bincike na Lord Franks ya fitar da rahotonsa a 1983, bai ɗora wa gwamnatin laifin mamayar ba. Duk da haka ba a ce murabus ɗin kuskure ba ne. Mutum yana iya zama wanda za a yi wa hisabi ko da ba shi ne mai laifin ba.

A Amurka kuma, shugaba Harry Truman, wanda ya hau mulki a 1945, ya ajiye wani ɗan allo a kan teburinsa. An rubuta a kai, "The buck stops here". Turawa suna da salon magana na "passing the buck", wato tura wa wani alhaki. Allon yana cewa ne turawar ta ƙare a wannan teburi. Babu wani na gaba da za a miƙa wa.

Akwai kuma akasin haka. A watan Janairun 1987, shugaba Ronald Reagan ya yi wa majalisar Amurka jawabi, bayan tonuwar sayar wa Iran makamai a ɓoye. A cikin jawabin ya ce "mistakes were made", wato an yi kurakurai. An yi. Wa ya yi? Jimlar ba ta faɗa ba. Har yau masana harshe a can suna kawo wannan gini na magana a matsayin hanyar ambaton kuskure ba tare da ambaton mai shi ba. Mu ma muna da irinsa. An samu matsala. An yi sakaci. Kuɗin sun salwanta. Idan kuka ji irin wannan daga bakin mai riƙe da amanar jama'a, ku tambaya cikin ladabi, ranka ya daɗe, a hannun wa?

Hisabi na gaskiya yana buƙatar abu uku. Sai da mai ikon tambaya. Sai da bayani mai hujja. Sai kuma da sakamako, idan bayanin bai gamsar ba. A Najeriya an tanadi hanyoyin. Akwai babban mai binciken kuɗin gwamnati. Akwai kwamitocin majalisa masu bin diddigin kuɗin jama'a. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Saboda haka idan shugaba ya ce "I take full responsibility", maganar tana da kyau. Amma a saurari abin da zai biyo baya. Zai yi bayani? Zai gyara? Zai biya waɗanda aka cuta? Idan babu ko ɗaya, to kalmar ya furta, nauyin yana nan a ƙasa.

Masu sauraro, mu juya ga kalma ta uku. Ita ce "liable". Ina roƙon ku ƙara kasa kunne, domin wannan ita ce mai taɓa aljihu. Masana suna danganta ta da wata tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin ɗaurewa. Wanda kotu ta ce shi "liable" ne, doka ta ɗaure shi. Zai biya diyya, ko ya biya bashi, ko ya gyara ɓarna.

Abin lura shi ne, doka tana iya ɗaure mutum ko da ba shi ya aikata da hannunsa ba. A ce kana da motar ɗaukar kaya. Ka ɗauki direba aiki. Yana kan aikinka ya yi ganganci, ya afka wa shagon wani. Kai kana gida a lokacin. Direban ne ya jawo ɓarnar. Amma a tsarin shari'ar da muka gada daga Ingila, mai shagon yana iya kai ka ƙara, kotu kuma ta ce kai ma ka biya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kana cin ribar motar, to ɓarnarta ma tana iya biyo ka.

Doka tana kuma iya ɗaure ka saboda mutumin da ba ka taɓa gani ba. A 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotlan, wata mata mai suna May Donoghue ta sha lemon citta da aka saya mata a wani shagon shan shayi. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin cikinta. Ta ce da aka tsiyaye sauran, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito, ta kuma kamu da ciwo. Ba ita ta sayi lemon ba. Babu wani ciniki tsakaninta da mai masana'antar, David Stevenson. Amma ta kai shi ƙara. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan lokaci, wato Majalisar Dattawa, ta ce matar tana da hurumin yin ƙarar. Alƙali Lord Atkin ya bayyana cewa wajibi ne mutum ya kiyaye duk wanda aikinsa zai iya cutarwa. Daga nan kalmar "duty of care" ta kafu, wato wajibcin kiyaye mutane. Har gobe ana koyar da wannan shari'a ga ɗaliban lauya a jami'o'inmu. Mai yin ruwan leda, da mai gidan burodi, da mai haɗa magani, duk ta shafe su.

Kalmar "liable" tana kuma da alaƙa da "limited", wadda kuke gani a ƙarshen sunayen kamfanoni. Cikakkiyar maganar ita ce "limited liability". Ma'ana, ɗaurin yana da iyaka. Idan kamfanin ya karye, masu hannun jari ba sa asarar abin da ya wuce jarin da suka yi alkawarin zubawa. Kamfanin ne ake bi bashi, domin a idon doka shi ma mutum ne mai zaman kansa. To, ɗan kasuwa, idan za ka ba irin wannan kamfani kaya bashi, ka san da wa kake hulɗa. Girman gidan Alhaji mai kamfanin ba shi ne jinginarka ba, sai fa idan ya sa hannu da sunansa cewa ya tsaya wa bashin.

Akwai wata jimla da mutanen Kano suka ɗanɗana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 sun rasu. Aka shafe shekaru ana shari'a. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano kan dala miliyan 75. Amma kamfanin bai amsa laifi ba. Ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi kisan. Irin wannan sulhu shi Turawa ke kira "without admission of liability". Wato zan biya, amma ban ce doka ta kama ni ba. A al'adarmu, wanda ya biya diyya kamar ya amsa ne. A takardar Turanci kuwa, biya daban, amsawa daban. Duk wanda za a yi wa sulhu ya san da wannan kafin ya karɓa.

Ƙarin bayani kaɗan. Idan kuka ga allo ya ce mai karya wata doka "is liable to a fine", ma'ana tara na iya hawa kansa. Gargaɗi ne mai haƙori.

Mu sake tunawa, jama'a. Kowace kalma da nauyinta. Ta farko amsawa ce. Ta biyu hisabi ce. Ta uku biya ce.

Sai mu zo kan kalmomin zargi. Ba za mu daɗe a nan ba. "Fault" kuskure ne ko gazawa. "Blame" ɗora wa mutum laifi ne, kuma ana iya ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. "Guilty" kuwa ta kotu ce. Idan aka karanta wa mutum tuhuma, aka ce "guilty or not guilty", amsar da zai bayar tana iya yanke makomarsa a nan take. Kada kowa ya amsa abin da bai fahimta ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a samo masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Wannan sashe ne kuma ya ce mutum mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Shi ya sa "suspect" wanda ake zargi ne kawai. Kada mu mai da shi ɓarawo a bakinmu tun alƙali bai yi magana ba.

Ga kuma "sorry". Mu nan, idan wani ya yi tuntuɓe mukan ce masa "sorry", muna nufin sannu. Jaje ne. A Ingila kuwa, sau da yawa ana jin ta a matsayin ban haƙuri daga mai laifi. Har sai da majalisarsu ta sa a wata doka ta 2006 cewa ban haƙuri shi kaɗai ba ya zama amsa sakaci. 'Ya'yanmu da ke karatu ko aiki a can, ku san yadda ake jin ta.

Yanzu mun iso inda na fi so mu tsaya, wato kalmomin da ke ƙasan takarda, wurin sa hannu. Su ne suka fi shiga gidajenmu.

Akwai "witness". Shaida ke nan. Ya ga an sa hannu, ya tabbatar. Nauyinsa faɗin gaskiya ne idan an tambaye shi. Bashin ba ya kansa.

Akwai "referee". Wannan yana cewa ne ya san mutumin, ya kuma san halinsa. Sunansa da mutuncinsa ya ba da aro.

Akwai "next of kin". Wannan ta rikita mutane da yawa. Wasu na tsoronta, suna zaton bashin mamaci zai dawo kansu. Wasu na murna da ita, suna zaton dukiyar ta zama tasu. Duka biyun ba haka ba ne. Makusanci ne da za a fara tuntuɓa idan wani abu ya faru. Rubuta sunan mutum a wannan gurbi bai mai da shi magaji shi kaɗai ba. Rabon gadon Musulmi yana nan yadda shari'a ta tsara. Gidaje nawa ne zumunci ya tsinke a cikinsu saboda rashin sanin wannan?

Sannan akwai "guarantor". Jama'a, wannan ita ce babba. Mai lamuni ke nan. Wanda ya sa hannu a wannan gurbi ya ce, idan wane bai biya ba, ni zan biya. Ba shaida ya yi ba. Bashin ya rungumo. Yau ana neman mai lamuni a wurare da dama. Matashi zai karɓi adaidaita sahu biya sannu-sannu, sai an kawo mai lamuni. Za a ɗauki yaro aikin POS ko tsaron shago, sai an kawo mai lamuni. Maƙwabci zai zo da takarda da yamma, ya ce, Malam, sa hannu kawai za ka yi mini. Kunya ta hana ka karantawa. Bayan wata shida yaro ya gudu da mashin, sai ga takardar sammaci a ƙofar gidanka.

Ƙanwar "guarantor" ita ce "surety", wadda aka fi ji a wajen beli. Mai tsaya wa wanda ake tuhuma ya yi alkawarin kawo shi kotu duk ranar da aka nema. Idan ya tsere, kotu na iya sa mai tsayawar ya biya kuɗin da aka rubuta a takardar belin. A nan ina so iyayenmu mata su ji wani abu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya, ta 2015, ta hana a ƙi karɓar mutum a matsayin mai tsayawa don kawai mace ce. Haƙƙi ne da doka ta ba ku. Amma nauyin da ke kan namiji shi ne a kanku.

Akwai kuma wasu kalmomi uku da ke ɓuya a takardun bashin ƙungiya. Su ne "jointly and severally". Manoma goma sun haɗu sun karɓi bashin taki. Ko mata goma sun karɓi jari daga ƙaramin banki. Kowa yana zaton kasonsa kaɗai ke kansa. Idan waɗannan kalmomi suna cikin takardar, mai bin bashi yana da ikon ya bi dukkanku tare, yana kuma da ikon ya zaɓi mutum ɗaya ya nemi kuɗin gaba ɗaya a wurinsa. Wa zai zaɓa? Wanda ya ga yana da abin hannu.

Haka idan ka kai saƙo tasha, ko ka ajiye mota, ka ga an rubuta "at owner's risk". Suna gaya maka ne cewa idan kayan ya ɓata ko ya lalace, asarar taka ce. Ba kullum kotu ke amincewa da wannan kariya ba. Amma gara ka sani tun kafin ka miƙa kayanka.

Na san abin da wani dattijo yake faɗi a ransa yanzu. Yana cewa, wannan mai sharhi so yake ya kashe mana zumunci. Idan kowa ya ƙi tsaya wa kowa, ɗan talaka yaushe zai sami aiki? Baba, maganarka gaskiya ce, kuma ina girmama ta. Tsaya wa ɗan'uwa alheri ne. Da lamuni kasuwancin Hausawa ya ratsa daga Kano zuwa Gwanja, fatake suna sauka a hannun maigida, shi kuma yana tsaya musu. Ban ce a daina ba. Cewa na yi a tsaya da ido buɗe. Mai ɗaukar kaya a kasuwa yakan ɗan jijjiga buhu ya ji nauyinsa kafin a aza masa a ka. Abin da nake roƙo ke nan. Addininmu ma bai ɗauki rubuta bashi a matsayin rashin yarda ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Bayyana sharaɗi tun farko shi ke tsare zumunci. Abin da ke kashe shi shi ne rigimar da ke ɓarkewa daga baya.

To, me za mu yi? Abu ne mai sauƙi. Idan aka miƙo maka takarda, nemi kalmar da ke kusa da wurin sa hannunka. Tambayi ma'anarta da Hausa. Tambaya ta biyu, idan abu ya ɓaci, me zai hau kaina? Ta uku, nawa ne iyakarsa, kuma yaushe zai ƙare? Idan ba ka karatun boko, ka zo da naka mai karantawa, wanda ba shi da riba a cikin cinikin. Dokokinmu sun tanadi kariya ga wanda ba ya karatu. Ana so wanda ya rubuta masa takarda ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma tabbatar an karanta masa an fassara kafin ya dangwala. Ka nemi a yi hakan. Ka kuma karɓi kwafinka ka adana. Wanda ya ce maka sauri ake yi, babu lokacin karantawa, to shi ne dalilin da zai sa ka ƙara natsuwa.

Kafin in sallame ku, ga kalmata gare ku. Malaman Turanci, ku koya wa yara waɗannan kalmomi da takardun gaske, irin waɗanda za su tarar a banki da kotu. 'Yan boko na cikin gida, ku zama idon iyayenku, ku karanta musu tsakani da Allah, kada ku rage kada ku ƙara. Ma'aikatan banki da na kotu da na asibiti, ku yi wa mutane bayani da harshen da suke ji, domin wanda ya ɓoye ma'ana don a sa hannu ya ɗauki alhaki, alhaki kuwa kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Shugabanninmu, idan kun ce kun ɗauki nauyi, ku bari mu ga bayani da gyara. Mu kuma sauran jama'a, kada kunya ta hana mu tambaya. Tambayar minti biyar ta fi zaryar kotu ta shekara biyar.

Kowace kalma da nauyinta. A san nauyin kafin a ɗauka.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da ke kanmu, Ya tsare mu da ɗaukar abin da ba za mu iya ba.